Filon Sale da Garin An-Hana-Ruwa

Aji huɗu na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan ofishin hedimasta na yi shi. Don haka duk wanda ya tsinci kuskure a kimiyyar da zan zuba a nan, ya riƙe abinsa, kada ya kai wa 'yata Hajara, ta riga ta gaji da gyara ni. Sunana Iro. Keke nake gyarawa a bakin titin Dayi, in damina ta faɗi in noma masara. A duk zuri'armu ni kaɗai ne na taɓa rungumar filo daga ƙasar Malumfashi har Indiya, kuma ban ga alamar wani zai karɓe mini wannan sarauta ba.

Ga yadda abin yake. Hajara tana can tana karatun digiri na ukku a fannin haɗa sinadarai. Abin da ta sa a gaba shi ne ta gyara audugar gida ta yadda in aka tace ruwan rijiya da ita za ta kama dalma, gubar nan da ke shiga ruwa a garuruwan da ake haƙar zinari ta nakasa yara. Ta gwada da audugar Indiya, abu ya yi. Malamarta ta ce wannan rabin aiki ne. Tun da don mutanen gida ake yi, sai an gwada da audugar gida, irin wadda ɗan ƙauye zai samu a hannunsa, ba wadda masana'anta ta wanke ta goge ba. Lokacin karatunta kuma ya zo gangara. In wa'adin ya cika ba ta nuna sakamako ba, sai ta dawo hannu wofi, duk shekarun da ta yi tana cin shinkafa da barkono su tafi a banza.

Taubashina Sale na Tsiga ne ya ba da audugar, daga gonarsa. Matarsa ta gurje ta da hannu ta cire angurya, aka ɗinke ta cikin atamfa ta zama filo, don na rantse ba zan bari a jefa ta ƙarƙashin jirgi tare da akwatunan mutane ba. Hajara ta aiko da takardar izinin shiga da ita. Da Sale zai miƙo mini sai ya ce, "Riƙe da kyau, Iro. Ita ake jira a can, kai ɗan dako ne." Tsakanina da shi ba a fushi. Uwarsa ƙanwar ubana ce, tun muna yara aikinmu ke nan, mu zagi juna mu sa hannu a akushi ɗaya.

Zangon farko Addis Ababa. A nan na fara gane cewa tsoho da filo abin kallo ne a duniya. Wani ma'aikaci ya karɓa ya latsa, ya shinshina, ya tura shi cikin na'ura, ya fito, ya sake turawa. Na tattaro duk Turancin da na sauko da shi daga kan mangwaro na ce masa, "Kotin. Mai dota. Kemistiri." Na nuna takarda. Ya karanta, ya dube ni, ya sara mini. Wallahi ya sara mini. Tun da nake ba a taɓa sara mini ba, sai a dalilin audugar Sale.

Jira ya yi tsawo a wurin, ga sanyin na'ura kamar an ajiye mutum a firij. Da lokacin salla ya yi na tsaya ina juye-juye ina neman gabas, gini ko'ina gilashi, ba rana ba inuwa. Wata mai shara, da ɗan gicciye a wuyanta, ta tsaya ta dube ni, ta ɗaga sandar gogenta ta nuna mini alƙibla. Ta tafi ta dawo da kwali mai tsabta ta shimfiɗa. Bayan na idar na kishingiɗa na ɗora kai a filo, na ji shi da wani sanyi-sanyi kamar gefen randa. Na ce a raina albarkar gida ce ke biye da ni.

Zango na biyu Mumbai, kuma a nan aka ci ni da rai. Hajara ta ce wani ɗalibi abokin karatunta zai tarbe ni a ƙofar fita. Ina fitowa, ruwa na zuba kamar an ɓalle madatsa, sai ga wani mutum da kwat da takalmi mai ƙyalli ya nufo ni hannu buɗe.

"Alhaji! Barka da sauka! Ni aka turo."

Hausa tsantsa, ba gargada. Mutumin da ya yini ya kwana yana magana da hannu, in ya ji harshensa, hankalinsa kan tafi hutu. Na ce, "Ɗan ina ne kai?"

"Ɗan gida ne, Alhaji, ɗan gida."

Ban tambayi wane gida ba. A mota ya juyo ya ce, "Ina ne yake damun ka?"

Na ɗauka hirar gaisuwa ce. Na ce, "Gwiwa dai, in hadari ya taso."

"Gwiwa! Allah ya kawo ka inda ya dace."

Sai ga mu a wani ƙaton gini fari. Kafin in ce uffan an zaunar da ni a keken marasa lafiya, wanda tayarsa ta hagu ke neman mai, ni na sani. An ɗaure mini hannu an auna jini, an leƙa idona, an ƙwanƙwasa gwiwa. Na ce ina Hajara? Ɗan gida ya ce tana sama. Aka kawo wata riga mai buɗaɗɗen baya aka ce in sa. Duk wannan na haƙura, don na ɗauka haka al'adar jami'a take. Amma da wani ya kama filon zai karɓe ya ba ni nasu, sai tsohon jini ya motsa. Na riƙe, ya ja, na ja. Na buɗe baki na zuba masa abin da nake zuba wa yaran da ke satar mini bawul.

Sai na ji muryar mace daga bayana: "Baba, wannan zagin ai na ƙasar Malumfashi ne."

Rifkatu ke nan, nas ce 'yar Kafur, ta kawo mahaifiyarta maganin ƙoda. Ta tambaye ni abin da ke tafe da ni, na faɗa mata. Ta juya kan ɗan gida da Turanci mai zafi, irin wanda ko ba ka jin sa ka san ba addu'a ba ce. Kafin ta kai aya ya ɓace. Ta ce, "Dillalin marasa lafiya ne, Baba. Tsayawa suke a filin jirgi. Tsoho da hula da carbi, har da filonsa a hannu, me kake so su ɗauka? Da ka ƙara jimawa da an canza maka gwiwa."

Na ce, "Da kuwa sun yi asara, ta dama ce mai ciwon, ta hagu suke ta bugu."

Ta ara mini waya na kira Hajara. Ashe tana can tana kuka, ɗalibin da ta turo yana ta zagaya filin jirgi yana tambaya ko an ga wani tsoho da filo. Rifkatu ta karɓi wayar ta ce, "Ƙanwata, share hawayenki, ki sallami ɗalibin nan. Babanki yana hannun gida na gaskiya." Ta kai ni masaukinsu, ɗaki ɗaya da ɗan risho a lungu. Ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta taho da ita a ƙulle cikin leda ukku. Na ci har na ji kunya. Mahaifiyarta, Inna Tabita, tana kwance ta ƙura mini ido, can ta ce, "Ba kai ne na bakin titin Dayi ba? Wanda ya gyara wa fastonmu keke ya dawo gida a ƙafa?"

Na ce, "Inna, keken nan addu'a yake bukata, kuma wannan sashensa ne, ba nawa ba."

Ta yi dariya har sai da Rifkatu ta ce mu bari saboda ɗinkin aikin da aka yi mata. Washegari Rifkatu ta kai ni tasha, ta sa ni a jirgin ƙasa mai zuwa garin da Hajara take karatu, ta damƙa ni a hannun mai duba tikiti kamar amanar akuya.

Jirgin nan ya yi ta tafiya har na fara zaton ƙasar ba ta da ƙarshe. Gabana wani dattijo ne da matarsa, suna da kwanoni a jere a kan juna kamar bene. Duk lokacin da suka buɗe sai an zuba mini a murfi. Barkononsu ba irin namu ba ne, namu a baki yake tsayawa, nasu sai ya bi mutum har kunne. Na ga ba daidai ba ne in yi ta ci ban mayar ba, na ciro kilishin da na ɓoye na miƙa musu da hannu biyu. Dattijon ya ja baya kamar na miƙa masa garwashi, matar ta rufe baki da gefen mayafi. Ashe ko ƙwai ba sa ci. Na mayar da shi jaka ina ta ba da haƙuri da Hausa. Sai na tuna da ƙuli-ƙuli. Dattijon ya juya shi, ya shinshina, ya gatsa, ya tsaya ya taɓa haƙorinsa ya ji yana nan, sannan ya miƙo hannu a ƙara. Haka muka shirya.

Da gari ya waye na leƙa taga sai ga gonakin auduga, tsiron 'yan ƙanana ba su wuce tafin hannu ba, a ƙasa baƙa mai danƙo irin ta wajen Bakori. Mata sun duƙa suna cire ciyawa. Na nuna wa dattijon gonar, na nuna filona. Ya kaɗa kai irin tasu, wadda ba ka sanin e ce ko a'a. A nan kewar gida ta kama ni sosai. Na baro masarata ta kai gwiwa tana jiran taki, ga ni ina kallon gonar wasu ta gilashi.

Hajara na tsaye a tasha. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni, amma na lura idonta a kan filon yake. Ban ji haushi ba, Sale ya riga ya faɗa mini matsayina.

Malamarta 'yar gajeriyar dattijuwa ce mai furfura, tafiyarta kamar ta bar tukunya a wuta. Na sa mata Gwaggo Farfesa. Ta haɗa tafukanta ta gaishe ni, ta karɓi filon da hannu biyu kamar an miƙa mata jariri. Mutanen nan sun san darajar aiki. Ɗakin gwajinsu ya fi masallacin unguwarmu shara. Kowace kwalba da sunanta da mazauninta, ba mai ɗaga murya, kuma na ga Gwaggo Farfesa da kanta tana wanke gilashi, duk da yaran da take koyarwa sun cika ɗakin. Aka sa mini farar riga da tabarau, aka ce in zauna can, kada in taɓa komai.

Hajara ta ɗauko wata kwalba daga cikin wata babbar tukunyar gilashi mai murfi. Wani farin gari ne a ciki, ɓarzajje kamar ƙanƙarar gishiri. Ta faɗi sunansa.

Na ce, "Mi?"

"Anhaidirayid, Baba."

"An hana ruwa?"

Ta yi dariya, karon farko tun isowata. Ta ce, "Wallahi kusan ma'anarsa ke nan. Marar ruwa." Ta fassara wa Gwaggo Farfesa, ita ma ta maimaita, "An-hana-ruwa," daga ranar kuma sunan ya bi garin a ɗakin.

Ga yadda ta bayyana mini, ni ma na bayyana muku kyauta. Asalin garin nan wani sinadari ne mai tsami, mai hannu biyu. Sai a gasa shi a cire masa ruwan jikinsa. Da ya rasa ruwa, sai hannun nan biyu su kama juna, ya naɗe ya zama zobe. Zoben nan a takure yake, ba abin da yake so irin ya buɗe. In aka dafa shi tare da auduga, sai ya buɗe, hannu ɗaya ya cafke zaren audugar, ɗaya hannun ya zauna a sake yana jira. Wannan sakakken hannun shi ke kama dalma in ruwa ya bi ta ciki. Ta ce danginsa suna da yawa, da su ake fenti da roba da jikin kwale-kwale, duk 'yan zobe ne.

Na ce, "To ina wahalar?"

"Wahalar ita ce ruwa, Baba. In ruwa ya riga auduga isa wurinsa, ko raɓa ce, zoben sai ya buɗe wa ruwan. Ya koma abin da yake a da, hannuwansa sun huce, ba ruwansa da auduga."

"Ta yaya za ki san ya kama?"

"In auna audugar kafin, in auna bayan. In ya kama, za ta ƙara nauyi."

Na cire tabarau na dube ta. Na ce, "Hajara, shekarun nan duk, ashe ƙara wa auduga nauyi kike koyo? Ai da kin zauna a Tsiga."

Da na san abin da ke gaba da ban yi wannan ba'a ba.

Aka farke filo aka ɗebi kashi na farko. Ta gasa shi a tanda ya bushe, ta auna, ta zuba shi da garin da wani ruwan sinadari mai warin ruɓaɓɓen kifi a cikin tulun gilashi, a cikin wani akwati mai zuƙe hayaƙi. Ya yini yana dahuwa. Aka sauke, aka ɗauraye, aka busar, aka ɗora a sikeli. Audugar ba ta ƙaru ba. Raguwa ma ta yi.

Hajara ta ce wataƙila garin ne ya sha iska. Aka buɗe sabuwar kwalba, aka ɗebi kashi na biyu. Haka. Ta ce wataƙila gilashin ne, ta gasa kowane tulu da kowane bututu. Haka. Ta sake gwada audugar Indiya a gefe guda, wannan ta yi nauyi lafiya lau, kamar da gayya. Tamu kuwa kullum sai ta fito a rame. Filon da na runguma na tsallaka teku da shi ya fara zama kamar tsohuwar jakar goro, wa'adi kuma yana matsowa. Aiko da wata daga gida ba zai yiwu ba, izinin kaɗai sai da ya ci watanni.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Nakan zauna a barandar masaukinta ina kallon ruwa. Damina ce irin wadda tufa ba ta bushewa, ashana ba ta kamawa, ƙuli-ƙulina ya yi laushi kamar ƙosai. Ni da na tsufa ina ɗaga hannu ina roƙon ruwa, na fita salla bayan gari da riga a juye ban san adadi ba, sai ga ni ina cewa Allah ka ɗan tsagaita. Na ji kamar ina cin amanar masarata. Hajara ta daina cin abinci sosai. Ran nan ta ce mini, "Baba, ko dai audugarmu ce ba ta karɓa? In haka ne duk abin da na rubuta ba shi da amfani a gida." Da keke ne da na juya shi na duba, wannan kuwa ko inda ake kama shi ban sani ba.

Abin da ya rage bai fi cikin tafi biyu ba lokacin da Gwaggo Farfesa ta ce kada a sake dafa komai. Ta ce a gasa ɗan kaɗan a kawo mata. Aka ciro daga tanda, ta ɗora a sikeli, ta bar ƙofar sikelin a buɗe, ta jawo kujera ta zauna ta naɗe hannu. Ba ta yi komai ba, kallo kawai. Mu ma muka tsaya muna kallo. Sai lambar sikelin ta motsa. Ta ƙara. Ta ƙara. Auduga tana zaune ba wanda ya taɓa ta, tana ta yin ƙiba a gabanmu. Aka ɗora ta Indiya, ita ma ta ɗan motsa, amma ba kamar tamu ba. Tamu shan iska take kamar wadda ta yi azumi.

Gwaggo Farfesa ta yi wata magana, Hajara ta fassara mini. Wai mahaifinta manomin auduga ne, kuma tana yarinya ta ga abin da wasu maƙwabta ke yi wa auduga kafin a kai ta sikeli. Tana tambaya, wa ya shirya wannan?

Hajara ba ta jira amsata ba. Ta tsinci ɗan ƙulli ta jiƙa a ruwa mai tsabta, ta matse a ƙaramin gilashi, ta ɗiga wani sinadari ɗigo ɗaya. Ruwan nan garau ya koma fari kamar an zuba nono. Ta ajiye gilashin a hankali ta ce, "Gishiri."

Nan take komai ya fito mata, ta jero shi kamar karatun allo. Gishiri yana jawo laima daga iska. Tana gasa auduga, kafin ta kai ta tulu ta sake sha. Zoben yana buɗe wa ruwa. In an ɗauraye a ƙarshe gishirin ya tafi, shi ya sa nauyi ke raguwa. Ita kuma ba ta wanke ta tun farko ba, don ruwa take gudu, kuma ɗanya aka ce a gwada.

Na ce a ba ni waya.

"Sale."

"A'a, ɗan dako! An kai kaya lafiya? Sun ba ka tukwici ko sun gane ka?"

"Mi ka sa wa audugar nan?"

Ina jin akuyarsa tana kuka a baya.

"Mi zan sa mata? Ɗan yayyafi ne kawai."

"Da gishiri."

"Ɗan kaɗan, don ya riƙe. Hanya da nisa."

"Sale, sayarwa za ka yi? Kyauta ce fa ka ba 'yarka!"

"To shi ya sa! Da aka gama gurza na ɗaga na ji ta fayau kamar gashin kaza. Ƙasar waje za ta, gaban manyan malamai. In aika da abu ba nauyi a ce mutanen Tsiga rowa gare su? Ni auduga ba ta taɓa fita gidana haka tsirara ba."

Wallahi har zuciyarsa yake faɗa. Mutumin nan karramawa ya yi. Na buɗe baki zan sauke masa abin da na sauke wa mai ƙwace filo, sai Hajara ta karɓe wayar ta ce, "Baba Sale, ina wuni. Wane irin gishiri ne, kuma yaya kake yi?" Ya yi mata bayani dalla-dalla, da alfahari, har da irin tsintsiyar da ake yayyafin da ita. Ta tambaye shi ko shi kaɗai ke yi. Ya ce, "Ni kaɗai? 'Yata, ni mai tsoron Allah ne a cikinsu."

Da aka fassara wa Gwaggo Farfesa ta yi dariya har ta share ido. Sannan ta daina, ta yi magana mai tsawo tana nuna Hajara da yatsa. Cewa ta yi wannan ba ɓarna ba ce, sakamako ne. Da an aiko da auduga mai tsabta, da aiki ya yi kyau a nan, a kai shi gida a sayi ta kasuwa ya ƙi, ba wanda ya san dalili. Yanzu an sani. Sai dai sanin ba zai ba da digiri ba, sai an nuna ta kama. Kuma abin da ya rage na dahuwa ɗaya ne.

Maganin kuwa, ku ji, wanki ne. Abin da aka yi ta ɓoye wa ruwa, shi aka tsoma a ruwa. Hajara ta wanke, ta ɗiga sinadarin nan a ruwan wankin, ya yi fari. Ta sake, ya yi fari kaɗan. Ta yi ta yi har ɗigon ya faɗa ruwa ya zauna garau. Ta gasa, ta ciro da zafinta ta rufe a tukunyar gilashi, ba ta bari ko numfashinta ya sauka a kai ba. Ta zuba garin, aka ɗora dahuwar ƙarshe.

Ranar da za a auna, ɗaliban ɗakin duk suka bar aikinsu suka kewaye sikelin. Ta ɗora, ta rufe ƙofar. Lambar ta tsaya cak, kuma ta wuce inda aka fara, wucewa ba ta wasa ba. Ba wanda ya yi ihu, ba al'adarsu ba ce. Gwaggo Farfesa ta dafa kan Hajara kawai. Gwajin dalma na'ura ce ke yin sa, ido ba ya gani, ya ɗauki kwanaki, kuma ya fito yadda ake so. Amma saboda ni Hajara ta tura ɗan ƙullin audugar a bututu, ta haɗa ruwa mai shuɗi kamar na marina, wanda ta ce hannun nan yana kama shi yadda yake kama dalma. Ta ba ni ta ce in zuba. Na yi bisimilla na zuba. Ya shiga shuɗi, ya ɗigo ta ƙasa fari tas, audugar Tsiga ta riƙe launin ta ƙi saki. Na cire tabarau na goge, don wani abu ya shiga mini ido, ina jin hayaƙin sinadarin ne.

Hajara ta gama a cikin wa'adinta. Yanzu tana koyarwa, tana kuma yawo garuruwan masu haƙar zinari da bututunta. A hanyar aikin da take koya wa mutane, matakin farko shi ne a wanke auduga har gishiri ya fita, kuma da bakinta take kiran sa wankan Baba Sale. Labari ya isa Tsiga kafin in iso. Mutumin da ya kusa kashe mana digiri ya sayi tabarau, yana zama a kasuwa yana gaya wa mutane cewa shi da wata farfesa a Indiya suka gano abin, yarinyar dai ta taimaka da rubutu. In ka je ka tambayi Sale za a ce wane Sale. Sai ka ce Farfesan Gishiri.

Na same shi na ce, to yanzu da ka zama malami ka daina yayyafin? Ya gyara tabarau ya ce, "Iro, kai dai ba ka san kimiyya ba. In na daina, mi za su wanke?"